Koyar da Rubutacciyar Waƙa a Sakandare: A Fara da Kunne, Sunayen Adon Harshe Su Biyo Baya

A kusan kowane ajin Hausa akwai ɗalibin da zai miƙe ya kawo ma'anar mutuntarwa, ɗaya daga cikin adon harshe, tiryan-tiryan, ba gargada. A miƙa masa baitin da bai taɓa gani ba a ce ya nuna ta a ciki, sai ya yi tsuru-tsuru. Laifin ba nasa ba ne. An ba shi sunan abu tun kafin ya ga abin, an kuma karanta masa waƙa kamar ana karanta sanarwa, alhali don a rera aka tsara ta. Marubuta waƙoƙin Hausa da murya suke auna ɗango, wato layi ɗaya na baiti, kafin su sa shi a takarda, kuma ta kunne yawancin jama'a suka san waƙoƙinsu. Shi ya sa aka jera wannan aiki yadda waƙa take shiga mutum: a ji ta, a gane abin da take faɗa, a san mai ita, sannan a kwance ta a ga yadda aka ƙulla. Darasi shida ne, kowanne na minti 40, don ɗaliban aji huɗu zuwa shida na sakandare.

Shirin da ake yi kafin a shiga aji

Waƙa ɗaya ake riƙewa daga darasin farko har na ƙarshe. In doguwa ce, mai baiti 60 ko fiye, a yanko baiti 8 zuwa 12 da suka haɗa mabuɗi, da wani yanki na tsakiya inda mawaƙin ya zafafa, da marufi. Sauran ɗalibai su karanta a gida bayan darasi na biyu. Waƙoƙin da WAEC da NECO da JAMB suke sawa suna canzawa bayan 'yan shekaru, don haka a duba jerin shekarar da waɗannan ɗaliban za su zauna jarrabawa. Ajin da bai taɓa nazarin waƙa ba kuwa, gara a fara masa da wadda ke magana kan abin da idonsa ya saba gani, irin Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, kafin a kai shi ga waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 masu yawan Larabci.

A tantance matanin. Kwafin da ya bi hannu da yawa yakan zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, ƙafa ta koma kafa, wani lokaci ɗango guda ya ɓace ɗungurungum. Hanyar ganewa ita ce malami ya rera waƙar shi kaɗai: duk inda harshe ya yi tuntuɓe a wurin da sauran baitoci suke tafiya sumul, a zargi kuskuren bugu, a gwada da wani kwafin.

Wannan rerawa ta gida wajibi ce, kwana biyu ko uku kafin darasi. Malamin da bai yarda da muryarsa ba ya nemi rerawar da aka naɗa ya sa ta a waya da ƙaramar lasifika, ko ya ware ɗalibi ɗaya da ya saba rera ƙasida a Islamiyya ya koya masa tun da wuri. Da wuya a rasa irinsa a aji.

Don a ga kowane mataki da ido, ga baitoci huɗu da aka tsara saboda wannan jagora:

Ruwa ya zubo yau ƙasa ta jiƙe,
Manoma ku farka ku ɗauko iri.

Tsiro ya yi leƙe yana murmushi,
Yana tambaya, wai ina ne fari?

Ƙasa ta yi laushi kamar auduga,
Rago ne kaɗai za ka iske gari.

Ƙasa dai uwa ce da ba ta fushi,
Ka ba ta guda, sai ta maido ɗari.

Darasi na 1: ji da rerawa

Littafi a rufe, allo babu komai. Malami ya rera baitocin sau ɗaya, minti biyar ya isa, sannan ya yi tambaya biyu kawai: wane sauti kuka ji yana ta dawowa, kuma wace kalma ce ta maƙale muku? A baitocin nan za su ce "ri". Ba a ce musu sunansa amsa-amo ba tukuna.

A karo na biyu malami ya riƙa tsayawa kafin kalmar ƙarshe ta kowane baiti, aji ya cika: iri, fari, gari, ɗari. Daga nan a raba kwafi ko a rubuta a allo, a ba kowane layin benci baiti ɗaya, su rera bi da bi na minti 15. A aji mai ɗalibi 70 kada a sa kowa ya rera gaba ɗaya tun farko, don hayaniya za ta haɗiye karin, masu kuskure su ɓuya a cikin taro. Minti goma na ƙarshe kowa ya rubuta jimla ɗaya tak: "Wannan waƙa tana magana a kan..." A karɓi takardun, za a dawo kansu.

Darasi na 2: ma'ana da jigo

Kalmomin da ke toshe wa ɗalibi hanya iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, don haka a tsaga allo gida uku. Gidan farko na Larabci ne, irin su Jalla da sahabu da tammat. Waɗannan a faɗi ma'anarsu a wuce. Na biyu na karin harshe ne da tsohuwar Hausa: sunka da munka a maimakon suka da muka, "shi zo" a maimakon "ya zo". A nan a fara tambayar ɗalibai, don wanda iyayensa 'yan Sakkwato ne ko Katsina ko Maraɗi zai iya fassara wa sauran, kuma ranar zai ji karin gidansu abin alfahari ne. Na uku kalmomin da mawaƙi ya tanƙwara ko ya gutsure don su shiga ma'auni. A ja musu layi a ajiye sai darasi na huɗu.

Sai a mayar da kowane baiti zube, jimla ɗaya ko biyu, da bakin ɗalibi. Wanda ya kasa mayar da baiti zube bai gane shi ba, ko da ya haddace.

Yanzu a fito da takardun darasin farko a karanta biyar ko shida ba tare da kiran suna ba. Wani ya ce ruwa, wani noma, wani lalaci. A tambayi aji wanne ne ya ratsa dukkan baitocin, wanne ne ya leƙo sau ɗaya ya koma. Wanda ya ratsa shi ne babban jigo, sauran ƙananan jigogi. A nemi ɗangon da mawaƙi ya faɗi manufarsa ƙarara, wato furucin jigo. A misalinmu "Manoma ku farka ku ɗauko iri" ne. Bin yadda ya ci gaba da buɗe wannan manufa baiti bayan baiti shi ne warwarar jigo.

Kuskuren da ya fi yawa a nan daga mabuɗi yake fitowa. Yawancin rubutattun waƙoƙi da sunan Allah da salati ga Annabi suke farawa, da godiya da addu'a suke rufewa, sai ɗalibi ya rubuta "jigon waƙar addini ne" ko da kuwa kan siyasa ko tsafta take. A sa su rufe baitocin farko da na ƙarshe da hannu, su nemi jigo a abin da ya rage.

Darasi na 3: mawaƙi da zamaninsa

Da gangan aka jinkirta mawaƙi zuwa nan. In aka buɗe da shekarar haihuwa da jerin makarantu, ɗalibi zai kwafe ya haddace, ba abin da ya haɗa shi da waƙar. Amma bayan ya rera ta, ya san abin da take cewa, shi da kansa zai so sanin wane ne wannan, me ya tunzura shi.

A fara da neman mawaƙi a cikin waƙarsa. Da yawa sukan sa sunansu da garinsu a marufi, wasu har da adadin baitoci da shekarar da suka gama, a dunƙule cikin kalmar da ake kira ramzi, inda kowane harafin Larabci yake da adadinsa. A lissafin da malaman ƙasar Hausa suke bi, shin 1000 ne, ra 200, sin 300. Ramzin da ya fara da shin da ra yana nuna shekarun 1200 na Hijira, wanda ya fara da shin da sin kuma na 1300, kuma shekarar 1300 a ƙarshen 1882 ta kama. Ɗalibai suna jin daɗin wannan lissafi ƙwarai, musamman waɗanda suka yi makarantar allo.

Sai a raba aji ƙungiya shida, kowace da kwali ɗaya da mawaƙi ɗaya. Abu huɗu za su rubuta: garinsa, zamaninsa, sana'arsa ko matsayinsa, da abin da ke faruwa a ƙasa lokacin da yake waƙa. A ɗaura igiya daga wannan kusurwar allo zuwa waccan, a rataya kwalayen bisa tsarin shekaru. Shida da suke nuna faɗin fagen su ne waɗannan. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta rasu a 1864. Ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma jajis ɗinta, wato matan da ta horar su koyar, sun riƙa kai waƙoƙin ga matan karkara don su zama darasi. Alhaji Umaru Salga ya tashi a ƙasar Hausa, ya yi zamansa a zangunan ƙasar Ghana ta yau, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Ya ga zuwan Nasara da idonsa ya kuma yi waƙa a kai. Aliyu Ɗansidi sarki ne a Zazzau, Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, malami ne ɗan gwagwarmaya, kuma ba a gane waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya sai an san muhawarar tsarin mulki da ake yi kafin 'yancin kai na 1960. Aliyu Namangi na Zariya, da ya rasu a 1990, makaho ne, kuma waƙarsa Imfiraji ta bakin masu rerawa ta game ƙasa. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega mazaunin Kano, ya rasu a 1999, gwani ne wajen wasa da harshe.

Tambayar da za ta rufe darasin ita ce: wane ɗango ne a waƙarmu ya canza muku ma'ana yanzu da kuka san mai ita? In ba ɗalibin da ya iya nuna ko ɗaya, tarihin da aka bayar bai taɓa waƙar ba, sai a sake zaɓen abin da za a faɗa.

Darasi na 4: zubi, amsa-amo da ma'auni

Zubi ba ya cin lokaci, minti takwas ya ishe shi. A ƙirga ɗangwayen baiti: ɗaya gwauruwa, biyu 'yar tagwai ko ƙwar biyu, haka har ƙwar biyar. Sautin da ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta shi ne babban amsa-amo, wato "ri" ɗin da suka kama tun ranar farko. Wanda ke tsakanin ɗangwayen baiti ɗaya, yana canzawa daga baiti zuwa baiti, shi ne ƙaramin amsa-amo. A nuna musu kuma inda ma'ana ba ta cika a ɗango ba sai ta zubo cikin na gaba, wato gangara, da inda ta tsallaka har baiti na gaba, wato saɓi-zarce.

Ma'auni ne wurin da ake yawan yin asarar ɗalibai, kuma dalilin ɗaya ne: rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi kuwa ma'auni a kan tsawon wasali yake tsaye. Ɗalibin da ke yanka gaɓa da ido dole ya kuskure. Don haka kafin a ambaci aruli, wato ilimin auna waƙa da aka aro daga Larabci, a yi minti biyar ana gwada kunne da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne. Gari na mutane da gari na tuwo. Rago malalaci da rago na layya. Fari na rashin ruwa da fari masu cin amfanin gona. Malami ya faɗi ɗaya, aji ya ce wanne ne. Sannan a koma baiti na uku: in aka ja wasalin farko na "rago" da na "gari", an mayar da ɗangon maganar dabba da garin tuwo, kuma karin ya karye. Daga nan sukan yarda cewa tsawon wasali ba wasa ba ne.

Ƙa'idar gajera ce. Baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi, alamarta v. Baƙi da dogon wasali, ko da tagwan wasali irin au da ai, ko gaɓar da baƙi ya rufe, mai nauyi ce, alamarta –. Gaɓar ƙarshen ɗango mai nauyi ake ɗaukar ta ko yaya take. A rubuta ɗango a allo da dogayen wasulan a ninke, don wannan aikin kaɗai:

ru-waa-yaa / zu-boo-yau / ƙa-saa-taa / ji-ƙee
v – – / v – – / v – – / v –

Kafin a sa sandunan da ke raba ƙafafu, wato rukunonin gaɓoɓin da ke maimaituwa, aji ya buga a tebur, yatsa ɗaya ga marar nauyi, tafin hannu ga mai nauyi: da-dam-dam, da-dam-dam, da-dam-dam, da-dam. Su za su ji inda abin yake maimaituwa, su faɗi inda za a sa sanda. Sai a lokacin malami ya ce wannan ƙafa sunanta fa'uulun, bahar ɗin, wato nau'in ma'aunin, da ke jera ta kuma Mutaƙarib. Ƙafa ta huɗu ta rasa gaɓa ɗaya, kuma haka take a kowane ɗango har ƙarshe; irin wannan canji na ƙafar ƙarshe mai ɗorewa shi ake kira illa.

Sai a ba su ɗangon ƙarshe su yanka da kansu. Za su tarar "ka ba ta" ya ba da v – v, ba v – – ba, wani ya ɗaga hannu ya ce mawaƙi ya yi kuskure. Bai yi ba. Sassauci ne da aruli ya yarda da shi a cikin ɗango, yakan zo ya wuce, sunansa zihafi. Gara su ci karo da shi a haka da a ba su jerin sunayen zihafai su haddace. A nan ne kuma ake komawa kan kalmomin da aka ja wa layi a darasi na biyu. Me ya sa mawaƙin da ba Basakkwace ba zai ce "sunka"? Domin "suka" gaɓa biyu ne marasa nauyi, "sunka" kuwa da mai nauyi ta fara, kuma ita ƙafar take nema.

Bahar ɗaya ya isa a zango ɗaya. Kamil da Ramal da Mutadarak su jira zangon gaba. Kada kuma a matsa wa kowace waƙa sai ta shiga bahar na Larabci, don wasu marubutan ƙarni na 20 karin waƙoƙin baka suka ara; in an yanka baiti biyar ba su dace da kowane bahar ba amma suna reruwa daidai, a rubuta tsarin gaɓoɓin yadda ya fito.

Darasi na 5: adon harshe

Nan ne zuciyar aikin. Kada a rubuta ko suna ɗaya a allo a minti 20 na farko. A ce wa ɗalibai su ja layi a duk inda mawaƙi ya faɗi abin da ba zai yiwu a zahiri ba, ko ya jingina wani abu da wani. Za su kawo tsiro mai murmushi, ƙasa kamar auduga, ƙasa uwa. A kan kowanne a yi tambaya uku, a jere, ba a tsallake: me ake magana a kai, da me aka haɗa shi, wane hali ne ya tashi daga wancan ya sauka a kan wannan?

A ɗauki "ƙasa ta yi laushi kamar auduga". Ana maganar ƙasa, an haɗa ta da auduga, halin da ya tashi shi ne laushi. Ba fari ba, ba rashin nauyi ba, ko da yake auduga tana da su. Wannan tambaya ta uku ita ke raba wanda ya gane da wanda ya ga kalmar "kamar" kawai. A "ƙasa dai uwa ce" babu kamar, an ce ita ce kai tsaye, kuma halin da ya tashi ya fi ɗaya: ciyarwa, haƙuri, bayarwa ba ƙyashi. A tambayi aji wanne ya fi nauyi a zuciya, a ce ƙasa kamar uwa take ko a ce uwa ce. In sun yi gardama a kai na minti uku, darasin ya kama.

Sai gwajin cirewa. A goge adon a sa magana tsurarta: "tsiro ya fito, fari ya wuce". Ma'ana tana nan, to me aka rasa? Wani zai ce farin ciki, wata ta ce tsiron ya zama kamar yaro mai tsokana da ya san abokin faɗansa ya gudu. Abin da suka ce an rasa, shi ne aikin da adon yake yi a baitin, kuma shi ne abin da ake so ɗalibi ya iya rubutawa.

Yanzu sunaye su zo, kowanne a gefen misalinsa. Haɗa abu biyu da kamar, tamkar ko awa kamantawa ce. In an ce ya fi, ta fifiko ce, in an ce bai kai ba, ta kasawa. Cewa wannan shi ne wancan siffantawa ce, in kuma aka ja ta cikin baitoci da dama ta zama doguwar siffantawa. Ba wa abin da ba mutum ba halin mutum mutuntarwa ce. Ba wa mutum ko wani abu halin dabba, kamar a ce yunwa ta kafa wa gari haƙora, dabbantarwa ce. Mayar da mai rai kamar kayan da ba shi da rai abuntarwa ce. Littattafai sun ɗan saɓa wajen sunan da ya tattara waɗannan ukun, wasu jinsarwa wasu jinsintarwa, don haka a tsaya kan na littafin da makaranta take amfani da shi.

Wurare uku ne ɗalibai suke zamewa. Na farko, duk inda suka ga "kamar" sai su ce kamantawa, alhali a "kamar za a yi ruwa" zato ne, ba a haɗa komai da komai ba. Tambaya ta biyu tana kama wannan. Na biyu, suna cakuɗa siffantawa da mutuntarwa a wuri irin "ƙasa uwa ce da ba ta fushi". Gaskiyar magana duka biyun suna nan: "uwa ce" siffantawa, "ba ta fushi" mutuntarwa da ta tsiro daga cikinta. A karɓi kowace amsa muddin ɗalibi ya nuna kalmomin da ya dogara da su. Na uku, kambamawa. Da yawa za su ce "ka ba ta guda, sai ta maido ɗari" zuzutawa ce. A tambayi ɗan manomi a ajin ƙwaya nawa ce a zangarniyar gero ɗaya. Ɗari ma ragi ne. Kafin a ce mawaƙi ya kambama, sai an san yadda abin yake a zahiri.

Alamtarwa a bar ta ƙarshe, ga aji biyar da shida, don tana buƙatar sanin al'ada: abin da rawani ko tuta ko inuwa suke tsaya wa a idon Bahaushe. Karin magana da kirari da mawaƙi ya saƙa cikin baiti su ma a sa ɗalibai su tsamo su, su faɗi cikakkiyar karin maganar, su nuna abin da ya yanke ko ya juya don ta shiga kari.

Darasi na 6: su ɗora nasu, a auna su

"Ku je ku rubuta waƙa" umarni ne da ke haifar da zube da aka daddatsa layi-layi. Tahamisi ya fi shi, kuma hanya ce da magabatan malamai suka bi: a ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani, a ɗora ɗango uku a samansa ya zama ƙwar biyar, sababbin ukun suna amsa amon ɗangon farko na asali, suna kuma bin karinsa. Ɗalibi yana da kari a kunne, yana da jigo, abin da ya rage masa kalmomi ne.

A ɗauki baiti na huɗu, wanda ɗangonsa na farko ya ƙare da "fushi". Aji ya tara kalmomi masu ƙarewa da "shi" a allo, sannan a tace su da kunne, don ƙafar ƙarshe v – take so. Rashi da ƙashi da murmushi sun shiga. Bashi da haushi da ƙamshi ba su shiga wannan gurbin ba, gaɓarsu ta farko mai nauyi ce. Malami ya ba da ɗango ɗaya, "Manomi idan ya tsaya, ba rashi", ɗalibai bibbiyu su kawo sauran biyun cikin minti 15, da sharaɗin ɗaya ya ƙunshi adon harshe. Kowane biyu su rera nasu. Inda ya karye aji zai ji kafin malami ya yi magana, kuma gyaran yawanci sauya kalma ɗaya ne ko juya jerin kalmomi.

Gwajin ƙarshe a yi shi da baiti huɗu zuwa shida da ba su taɓa gani ba, daga wata waƙar mawaƙin da aka nazarta, kuma malami ya rera musu sau ɗaya kafin su fara. Maki 20 a raba su haka: jigo tare da ɗangon da ke tabbatar da shi 5, zubi da amsa-amo 3, yanka ɗango biyu 4, adon harshe guda biyu 8. A kowane ado, suna maki 1 ne, kawo kalmomin da yake ciki 1, bayanin aikin da ya yi a baitin 2. A faɗa musu wannan rabon tun kafin ranar, don su san suna kaɗai rubu'in maki yake kawowa.

Bayan an duba takardu a lura da inda aji ya taru ya faɗi. In a jigo ne, yawanci mabuɗi ne ya ruɗe su, a sake gwajin rufe baitoci da hannu da wata waƙar. In a yanka gaɓa ne, ba ƙarin bayanin aruli suke buƙata ba. A riƙa ɗaukar minti biyar a farkon kowane darasi na mako biyu ana gwada kunne da kalmomi irin gari da gari, ana bugawa a tebur. In kuwa sun kawo sunan ado daidai amma gurbin bayani ya zauna fayau, a koma gwajin cirewa da sababbin baitoci uku, wannan karon kowa ya rubuta abin da aka rasa a takardarsa kafin a ji ta bakin kowa.